Walƙiya cikin akwati: yadda ake ƙera filash mai jure ruwa, ƙura da zafi

Manyan kamfanonin kayan hoto suna sayar da filash da suke cewa ba ya tsoron yanayi. Amma toshe ƙofofin wannan ƴar na'ura ba ƙaramin aiki ba ne, domin abin da ke hana ruwa shiga shi ne ke hana zafi fita. Ga yadda injiniyoyi ke kwance wannan ƙulli, da abin da ya kamata mai hoto na ƙasarmu ya sani kafin ya fid da kuɗinshi.

Duk wanda ya taɓa halartar biki da dare ya san filash, ko da bai san sunanshi ba. Shi ne fitilar nan da ake ɗorawa bisa kyamara, mai walƙawa sau ɗaya ta bar jama'a suna ƙifce-ƙifcen ido. Ga ƴan biki abin raha ne. Ga mai hoto kuwa jari ne, kuma sau da yawa shi kaɗai gare shi. Daren biki ba ya dawowa. In filash ya mutu sa'ad da ake rakiyar amarya, babu mai cewa a maida ta gidansu a sake. Mai hoto ya rasa kuɗin aiki, ya rasa suna a unguwa, iyali kuma sun rasa abin da za su nuna wa jikoki. Haka yake ga ɗan jaridar da aka aika ɗaukar hoton ambaliya cikin duhu: in fitilarshi ta ƙi, labarinshi ya tafi babu shaida.

Abubuwa uku ke kashe filash: ruwa, ƙura da zafi. A wasu ƙasashe ɗaya daga cikinsu ne kawai ke damun mutane. A nan kuwa shekara ta raba musu aiki: hunturu da ƙurarshi, bazara da zafinta, damina da ruwanta. A farkon damina ma duka ukun kan haɗu cikin awa guda, in hadari ya taso da jar ƙura a gaba da ruwa a baya, bayan an wuni cikin zafi.

Abin da ke cikin akwatin

A da can wuta ce ta gaske ake kunnawa. Cikin shekara ta 1887 wasu Jamusawa biyu, Adolf Miethe da Johannes Gaedicke, suka haɗa wani gari na maganiziyom mai tashi da haske mai ƙarfi in an sa mishi wuta, kamar albarushi. Ya ƙona masu hoto da dama. A 1929, a Jamus ɗin dai, aka fara sayar da ampul mai ɗauke da siririn ganyen alminiyom cikin iskar oksijen: walƙiya ɗaya, sai a jefar da shi a sa wani. Wanda ya share hanyar filash na lantarki, mai walƙawa sau dubbai ba tare da an canza kome ba, shi ne Harold Edgerton, malami a babbar makarantar fasaha ta MIT a Amurka, tun daga 1931.

Tsarin bai sake ba har yanzu. Ana sa pil huɗu ƙanana, waɗanda gaba ɗayansu ba su wuce volt 6 ba. Wani ɗan taransifo da ke ciki yana ɗaga wannan ƙarfi zuwa volt 300 ko fiye. Shi ne siririn kukan nan da ake ji in an kunna tsohon filash. Wutar tana taruwa cikin wani abu mai suna kondansater, kamar yadda ake cika randa da moɗa, kaɗan-kaɗan, don a tuntsurar da ita gaba ɗaya. Inda ake tuntsurar da ita kuwa wata ƴar kwalba ce siririya, cike da iskar da ake kira zenon. Wannan iska ba ta barin kuran ya ratsa ta sai an zabure ta, shi ya sa akwai taransifo na biyu mai ba da dubban volt cikin ƙiftawar ido. Da an zabure ta, wutar randar sai ta ratsa kwalbar cikin kusan kashi ɗaya cikin dubu na sakan, haske fari kamar na rana ya fito.

Abin da babban filash na bisa kyamara ke tarawa bai fi abin da ampul mai wat 60 ke ci cikin sakan guda ba. Amma da yake ana sakin shi cikin wannan ɗan ƙanƙanen lokaci, tamkar an kunna irin wannan ampul dubu ne a tare. Walƙiya ce ta gaske aka ɗaure cikin akwatin da bai fi tafin hannu ba.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa ruwa ya zama abokin gaba. Busasshiyar iska tana iya tare kusan volt 3000 a kowane milimetir, amma danshin da ya gauraya da ƙura ko da gumi hanya ce buɗaɗɗiya ga kuran. In ya kwanta bisa allon wayoyi, wutar sai ta bi shi ta je inda ba a aike ta ba, ta ƙona ƙananan sassan da aka yi don volt 3 ko 5. Ko bai ƙona kome a ranar ba, yana barin tsatsa mai cin tagulla a hankali. Saboda haka aikin farko na mai ƙira shi ne ya ba wayoyin babbar wuta tazara, ya raba su da na ƙarama, sa'an nan ya shafe allon duka da wani siririn fenti mai hana danshi taɓa ƙarfe.

Ƙofofin da ruwa ke bi

Filash ƙofofi gare shi da yawa. Akwai wuyan da ke barin kai ya ɗaga sama ya juya dama da hagu, kuma ta cikinshi wayoyi ke wucewa. Akwai murfin pil da ake buɗewa sau da yawa cikin dare ɗaya. Akwai maɓallai, da gilashin lambobi, da ramukan da ake cusa waya. Akwai kuma ƙafa, inda filash ke zama bisa kyamara, wurin da Faransawa ke kira griffe. A nan ne ƙananan ƙarafa ke haɗuwa don na'urorin biyu su yi magana da juna, kuma ɗigon ruwa ɗaya tsakaninsu ya isa ya sa filash ya riƙa walƙawa shi kaɗai, ko ya ƙi walƙawa sam.

Babban makamin mai ƙira shi ne zoben roba. Wani injiniya ɗan asalin Danmak da ke zaune a Amurka, Niels Christensen, ya nemi takardar mallakar wannan dabara a 1937, aka ba shi a 1939. Ana yanka kwari a jikin akwati, a kwantar da zoben ciki, murfi ya danne shi har ya matse kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na kaurinshi. In ruwa ya turo daga waje, ƙara manna zoben yake da bango. In matsin ya yi kaɗan ruwa ya wuce. In ya yi yawa roba ta gaji ta daina komawa yadda take.

Ba kowace roba ce ta dace ba. Wadda ake kira nitiril tana jure mai, amma rana da iska suna tsattsage ta. Ta silikon tana jure zafi da sanyi sosai, sai dai saurin yagewa gare ta. Wanda ke ganin wannan ƙaramar magana ce, ya tuna ranar 28 ga Janairu 1986, da kumbon Amurka Challenger ya tarwatse sakan 73 bayan tashinshi, mutum bakwai suka rasu. Binciken da aka yi ya nuna zoben roba ne sanyin safiyar ya sandarar, ya kasa toshe inda aka sa shi.

Wurin da ke motsi, kamar wuyan filash, ba a iya matse shi da ƙarfi, in ba haka ba kan ya ƙi juyawa. A nan sai a haɗa da dabara ta biyu: a yi wa ruwa hanya mai kwana-kwana tsakanin ɓawon waje da na ciki, yadda ɗigo zai gaji ya gangara waje kafin ya kai ga waya, kamar yadda indararo ke raba ruwa da bango. Ga ƙafa kuma, kamfanin Canon ya fito a 2007 da filash 580EX II, wanda in an ja makullinshi wani leɓen roba ke sauka ya rufe mahaɗar. A 2013 Pentax ya fito da AF540FGZ II, wanda aka toshe a wurare 28. Sai dai a lura: leɓen robar ba ya amfani in kyamarar da ke ƙarƙashi ba a yi ta don ta karɓe shi ba. Sarƙa ce, kuma daga zobe mafi rauni take tsinkewa.

Darasin da teku ya koyar

Waɗanda suka fara toshe filash gaba ɗaya masu nutso cikin teku ne. Cikin shekarun 1950 Edgerton ya yi aiki da Bafaranshen nan Jacques-Yves Cousteau a jirgin ruwanshi Calypso, yana ƙera fitilun ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa, har ma'aikatan jirgin suka laƙaba mishi Papa Flash. Wani injiniya ɗan Beljiyam, Jean de Wouters, ya zana wa Cousteau kyamarar da ke shiga ruwa ba tare da an sa ta cikin wani akwati ba. Kamfanin Nikon na Japan ya karɓi ƙirar, ya fito da ita a 1963 da sunan Nikonos, mai iya kaiwa zurfin metir 50.

A cikin teku, kowane metir 10 na zurfi yana ƙara nauyi daidai da na dukan iskar da ke bisa kanmu. Maganin da aka samo shi ne a rage ƙofofi su koma ɗaya ko biyu, a kaurara jiki, a hana kai juyawa. Irin wannan filash nauyi gare shi da tsada, amma yana da gata ɗaya: ruwan da ke kewaye da shi yana kwashe zafinshi kyauta.

Ko a can ɗin ma toshewa ta nuna haɗarinta. Pil in ya jiƙe, ko an sa shi a juye, ko ya lalace, yana fid da iskar haidurojin. A ƙarshen shekarun 1990 Nikon ya janye filash ɗinshi na ƙarƙashin ruwa SB-103 daga hannun jama'a ya musanya musu da wani, saboda iska na iya taruwa ciki har ta cilla gilashin gaba da ƙarfi. Shi ya sa masu ƙera irin waɗannan fitilu da yawa suke gina wa pil ɗakinshi dabam, wanda ba ya haɗuwa da na wayoyi, kuma su sa wa murfin wata ƴar ƙofa mai buɗewa da kanta in iska ta yi yawa.

Akwati ma numfashi yake

A bisa tudu matsalar ta fi wuyar gani. A ɗauki akwatin da aka rufe da safe, zafi yana digiri 25. In ya wuni cikin rana ko cikin mota har cikinshi ya kai digiri 60, iskar da ke ciki za ta ƙara matsi da kusan kashi 12 cikin 100, ta nemi duk wata ƴar kafa ta fita. Da la'asar hadari ya zo, ruwa mai sanyi ya zuba bisa akwatin, iskar ciki ta tsuke nan take. Yanzu akwatin zuƙa yake, kuma abin da ke bakin kowace kafa ruwa ne. Ta haka na'urar da aka toshe ke shan ruwa da kanta. Abin da ya shiga kuwa ba ya samun hanyar fita. Sai ya zama tururi da rana, ya zama raɓa da dare bisa wayoyi.

Maganin ya samo asali daga 1969, lokacin da Ba'amurke Robert Gore ya gano cewa in aka ja roban nan na Teflon da sauri yana zafi, yana miƙewa ya zama fata mai ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Iska tana ratsa su, ɗigon ruwa kuwa ba ya iyawa. Ita ce fatar da ake rigunan ruwa na Gore-Tex da ita. Ɗan faci kamar ƙwayar wake, in aka manna shi bisa wani rami a jikin akwati, yana barin matsin ciki da na waje su daidaita, zoben roba ya huta. Fitilun motoci da wayoyin hannu da yawa suna ɗauke da irin wannan hanci. Iyakarshi ita ce tururi ma yana wucewa, don haka wanda ya fito da filash daga ɗaki mai kilim zuwa cikin danshin watan Agusta zai ga raɓa ta kwanta, ko an toshe ko ba a toshe ba.

Zafi, maƙiyin cikin gida

Daga wutar da ke ratsa kwalbar zenon, wani kashi ne kawai ke zama haske. Mafi yawa zafi ne. Taransifo na zafi, pil na zafi, kuma gaban kwalbar akwai wani faifan roba mai zane-zane da ke tattara haske, wanda ya samo suna daga Augustin Fresnel, Bafaranshen da ya ƙirƙiri irin wannan gilashi don hasumiyoyin bakin teku cikin shekarun 1820. In aka matsa wa filash, faifan nan yana yin rawaya, yana iya narkewa. Shi ya sa littattafan da ke rakiyar filash ke cewa bayan walƙiya 15 ko 20 a jere da cikakken ƙarfi, a bar shi ya huta minti 10.

Waɗannan littattafai kan ce kuma a yi aiki da na'urar tsakanin digiri 0 da 40, wasu 45. To, a Yamai matsakaicin zafin rana cikin watan Afrilu ya kai kusan digiri 41 a inuwa, kuma Tawa ba ta da sauƙi a kan haka. Ma'ana, filash ya kai iyakarshi tun bai walƙa ko sau ɗaya ba. Kondansater kuwa ruwan sinadari ne a cikinshi, mai bushewa a hankali, kuma masu sana'ar suna da ƙa'ida cewa duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ranshi biyu. Filash da zai yi shekara takwas a ƙasa mai sanyi yana iya tsufa a nan cikin rabin haka ko ƙasa.

Tarihin filash uku na Nikon ya nuna yadda ake kokawa da wannan. SB-900 na 2008 yana da ma'aunin zafi mai kashe na'urar gaba ɗaya in ta yi zafi, abin da ya sa masu hoton biki a ƙasashe da dama suka koka, don yakan tsaya a tsakiyar aiki. SB-910 na 2011 sai ya riƙa jinkirta cika randar maimakon ya tsaya. SB-5000 na 2016 kuwa an sa mishi na'urar sanyaya ciki, har kamfanin ya ce yana iya walƙiya 100 ko fiye a jere da cikakken ƙarfi. Kowane mataki yana da farashi. In aka buɗe rami don iska ta ratsa, an buɗe wa ƙura da ruwa. In aka rufe, dole a sa ƙarfe a ciki ya kai zafin ga fatar akwati, nauyi ya ƙaru. In aka rage ƙarfin walƙiya, haske ba ya kaiwa nesa. Babu ƙirar da ke cin riba ta kowane gefe.

Wasu dabarun ba su da tsada. Baƙin akwati ya fi fari shan rana. Pil mai caji irin NiMH ya fi na alkalin saurin ba da wuta, kuma ba ya yawan zubar da ruwa. Pil mai arha na kasuwa, wanda aka yi don tocila da rediyo, bai dace da filash ba ko kaɗan. In aka fid da pil zuwa wata ƴar jaka a ƙugu, an rage wa akwatin tushen zafi ɗaya. Kyamarorin yanzu kuma suna gani cikin duhu fiye da fim na da nesa ba kusa ba, don haka rubu'in ƙarfin filash yakan wadatar inda a da sai an ba da duka.

Ƙura da maganar lambobi

Kalmar "mai jure yanayi" da ake bugawa bisa kwali ba ta ɗaure kowa. Abin da ke da ma'auni shi ne lambar IP, wadda hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya da ke Janeba ta kafa tun 1976. Bayan haruffan akwai lambobi biyu. Ta farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6: 5 na nufin ƙura kaɗan na iya shiga amma ba ta hana aiki, 6 na nufin ba ta shiga sam. Ta biyu ta ruwa ce: 1 ɗigo ne daga sama na minti 10, 4 fantsama ce daga kowane gefe, 7 kuwa nutsarwa ce cikin metir ɗaya na rabin awa. In aka ga harafin X a wurin wata lamba, ba a gwada wannan fannin ba ke nan. IPX4 bai ce kome game da ƙura ba. Mafi yawan filash na bisa kyamara ba su ɗauke da wata lambar IP, ko da kwalinsu na maganar ruwa da ƙura.

Ko inda lambar take, ya kamata a san yadda ake gwajin. Ana sa na'urar cikin ɗaki a hura mata garin talk, irin na hodar jarirai, har zuwa awa 8. Talk kuwa shi ne mafi laushin duwatsu. Ƙurar hunturu ba haka take ba. Babban kashinta yana tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, inda wani tsohon babban tafki ya ƙafe, wurin da masana ke lissafawa a matsayin mafi girman tushen ƙura a duniya. Tana kuma tafe da ɓarɓashin yashi mai kaifi da ke iya karce gilashi. Ba awa 8 take yi ba, watanni take. In ta sami man da ake shafa wa zoben roba sai ta manne, ta zama kamar takardar goge katako, duk juyawar wuya tana cin roba. Ƙwayar yashi ɗaya ko gashi ɗaya bisa zobe ya isa ya buɗe wa ruwa hanya. Mai hoton da ya yi kwana goma a filin kokowar takobi, gasar da aka fara a Tawa a 1975, filash ɗinshi ya sha gwajin da ya fi na ɗakin talk tsanani. Ƙurar da ta shiga cikin Janairu ita ce ke jiran danshin Yuli don ta zama hanyar kuran.

Saboda haka ƙirar da ta dace da Sahel za ta rage sassa masu motsi, ta rufe maɓallai da fatar roba guda ɗaya maras tsaga, ta yi amfani da toshiya busasshiya inda ake yawan buɗewa, ta kuma bar kwarin zobe a fili yadda mai shi zai iya goge shi da ƙyalle.

Hasken kanshi

Ko filash ya tsira, hoto na iya lalacewa. In fitila tana daf da idon kyamara, haskenta yana bugun ɗigon ruwa da ƙwayoyin ƙurar da ke gaban idon ya dawo, hoto ya cika da fararen ɗigo. Masu nutso sun daɗe da sanin maganin: a nisanta fitila gefe, a bisa dogon hannu. A tudu hakan na buƙatar hanyar ba ta umarni daga nesa. Waya ƙofa ce ta ruwa. Umarni da haske kuma rana da hazo suna rikita shi. Shi ya sa aka koma ga rediyo, kamar a filash 600EX-RT na Canon na 2012. Saƙon rediyo yana ratsa roba ba tare da an huda ta ba, har ana iya sa filash cikin farar leda a ɗaure shi bisa sanda ya ci gaba da aiki, muddin ana kula da zafinshi.

Toshewa da gyara

Mai karatu zai ce, ai ga wayar hannu tana faɗawa cikin bokiti ta fito tana walƙiya. Gaskiya ne, iPhone 7 na 2016 yana da lambar IP67. Amma fitilar waya irin LED ce, mai aiki da volt 3 ko 4, ba ta da kwalbar zenon, ba ta da wuya mai juyawa ko murfin pil, kuma haskenta bai kai ya cika filin biki ko ya tsai da mai rawa cak ba. Sa'an nan da gam aka liƙe ta. Duk wanda ya buɗe ta ya karya toshiyar.

Wannan ita ce tambaya ta ƙarshe ga mai ƙira, kuma ta fi shafar mu. Roba tana tsufa, kondansater yana bushewa, kwalba tana baƙi. A inda kamfani ke da wakili, ana aika na'ura a canza mata su. A Damagaram ko Maraɗi kuwa wurin mai gyaran rediyo take zuwa. Filash da aka ɗaure da kusoshi masu kwancewa da zobe mai girman da ake samu a kasuwa ya fi amfani a nan bisa wanda aka liƙe, ko da na biyun ya fi lamba. Masu gyara kuma su kiyaye: randar nan tana riƙe volt 300 ko bayan an cire pil, wani lokaci na tsawon kwanaki. Ba a taɓa cikin filash sai an zubar da wutar ta hanyar rezistans, an kuma auna an ga ta sauka.

Mai saye ya yi tambaya huɗu kafin ya biya: wace lambar IP aka rubuta, in akwai, iyakar zafin aiki digiri nawa ce, in ya yi zafi tsayawa yake ko jinkirtawa, kuma ana iya buɗe shi a gyara? In ya saya, kada ya bar shi cikin mota a rufe, ya cire pil in zai aje shi, ya share ƙura da burushi mai laushi kafin damina ta sauka. In ruwa ya shiga, a cire pil nan take, kada a kunna don a gwada, a bar murfi buɗe a inuwa mai iska na kwanaki. Rigakafi ya fi magani, balle ga abin da maganinshi ke wata ƙasa.

Akwai kuma aikin da ke jiran ɗalibanmu, ko na lisen fasaha na Maraɗi ko na makarantar EMIG ta Yamai. Ma'aunin zafi ɗaya cikin akwatin filash a watan Afrilu, da wani akwatin da aka bari a waje tun farkon hunturu har ƙarshenshi sa'an nan aka buɗe aka duba, za su ba da lambobin da za a iya ajiye wa ƴan kasuwa masu shigo da kaya a gabansu, a ce musu ga irin wanda ya dace da mu.